Mabuɗin da Ya Tafi Maraɗi a Cikin Buhu

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A shago a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har mai shayin layinmu na Dilimi sai ya riƙe kofina ya ce, "Injiniya, wai da gaske kun tsallaka ƙasar waje neman shara?" Shi kuwa Ɗanliti, wanda ya ja ni tafiyar, in an tambaye shi sai ya ce rana ta doke shi a can, bai riƙe komai ba. To bari in ba da labarin sau ɗaya kowa ya ji. In na yi masa ƙarya ya fito ya gyara.

Ni gyaran kwamfuta nake yi, ni da abokin aikina Pam, a wani ɗan shago kusa da Taminus a nan Jos. Ɗanliti abokina ne tun muna yara a unguwar Ali Kazaure. Sana'arsa ɗaukar waƙoƙi yana buga su a kaset da sidi, kuma babu abin da ya tsana a duniya irin masu kwafar aikin mutane. Yana da dalilinsa. Yakan fitar da aiki da safe, kafin la'asar ya gan shi a baro ana tallarsa, wani lokaci ma da hoton wani mawaƙin daban a jiki.

Mahaifinsa, Baba Tanko, tsohon leburan kuza ne, kuma mai gurmi. A ƙuruciyarsa shi ke yi wa leburori waƙa a bakin rami, amma ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, don shi bai ɗauki abin a bakin sana'a ba. Ɗanliti ya yi ta lallashinsa har wata damina tsohon ya yarda. Aka ɗauki waƙoƙin duka a wata laftof da Ɗanliti ya sayo daga Legas, irin wadda manyan ofisoshi ke saye. A jikin allonta na ciki, wanda mu masu gyara muke cewa bod, akwai wani ɗan baƙin abu da muke kira aisi, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Aikinsa riƙe mabuɗi. Yana kulle duk abin da ke cikin faifan ajiya, ta yadda ko ɓarawo ya zare faifan ya sa a wata kwamfutar ba zai ga komai ba. Faifan nan ba ya buɗuwa sai tare da wannan bod ɗin.

Ranar da ya gama kulle aikin ya kawo ta shagonmu don ya yi mana burga. Ya nuna mana wata takarda mai doguwar lamba, wadda na'urar ta ba shi ta ce ya adana saboda ranar da wani abu zai lalace. Na ce ya ba ni in ajiye masa. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce mabuɗin ajiya shi ɓarawo ke fara samu, ya kyasta ashana ya ƙone takardar a gabanmu. Sannan ya kunna mana waƙoƙin, shago ya cika da mutane. Ana cikin saurare ya hango Sale, wani direban motar dankali da ya zo cajin waya, ya rungume rakodarsa a ƙirji kusa da sifika. Ɗanliti ya daka masa tsawa, ya rufe laftof, ya kore mu duka daga jin waƙar. Daga ranar ko mahaifiyarsa bai kunna wa ba, wai sai aiki ya fito.

Aiki bai fito ba Allah ya yi wa Baba Tanko rasuwa. Inna Asabe ta shiga takaba, ta ce wa ɗanta ba za ta iya jin muryar yanzu ba, amma ranar da ta fita tana so a kunna mata. Ya ce an gama.

Ana haka janareta ya yi wa laftof ɗin ɓarna, ta ƙi tashi. Ni ina Bauci wajen sunan ɗan ƙanwata, sai ya kai wa Pam. Pam ya yi abin da kowane mai gyara a Jos zai yi: ya cire bod, ya aika Legas a kawo wani. Mu a sana'armu ba a zama jinyar bod, canzawa ake yi, kuma mataccen na mai gyara ne. Akwai buhu a bayan ƙofa da muke jefa su, in ya cika wani Alhaji Mamman daga Maraɗi ya zo ya saye. Na dawo na tarar da Pam ya yi tagumi, laftof a kunne, baƙin allo da farin rubutu tana neman lambar da ta zama toka.

"Oga Nasiru, ni na yi aikina daidai fa," in ji Pam. "Bod ya mutu, na sa sabo. Yanzu wannan abu yana tambaya wani lamba. Wane irin kwamfuta ne bai san mai shi ba?"

Na leƙa bayan ƙofa. Buhun sabo ne, babu komai ciki. Alhaji Mamman ya zo ya wuce tun makon da ya gabata, lambar wayarsa ta Najeriya kuma ba ta shiga in ya tsallaka. Na san in muka sami tsohon bod ɗin zan iya gyara wajen da ya ƙone, faifan ya buɗe. Saura 'yan kwanaki Inna ta fita takaba, kuma Ɗanliti bai gaya mata komai ba. Abin da ya kai mu Maraɗi ke nan. Pam ya ce duk bod ɗin da ya cire yana ɗiga masa jan farcen matarsa a kusurwa, mu nemi wannan alamar.

Muka shiga mota a tashar hanyar Bauci da sassafe. Ɗanliti ya zo da laftof a rungume, da rabin buhun dankalin Turawa tsarabar Alhaji, da wata jibgegiyar suwaita mai wuya. Na ce masa inda za mu ba a san wannan rigar ba. Ya ce shi ɗan Jos ne, bai taɓa barin gida babu suwaita ba.

Tun kafin Saminaka muka fara musun da muka saba. Ni na daɗe ina karanta gardamar da ake yi kan wannan aisin a shagon intanet, in layin ya ga damar tafiya. Wasu na cewa kariya ce ga mai na'ura, ɓarawo ba zai karanta sirrinka ba, ɓoyayyen shiri ba zai shiga ya yi maka ɓarna ba. Wasu kuma na cewa masu fim da masu waƙa na ƙasashen waje ne ke murna, don in aka kafa shi sosai kwamfutarka za ta riƙa jin maganarsu fiye da taka, ka sayi waƙa da kuɗinka ta hana ka kwafa wa ƙaninka. Har ana cewa nan gaba a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta za a gina shi, yadda ba mai iya cirewa.

"Allah ya kawo ranar," in ji Ɗanliti. "Ni abin da nake roƙo ke nan. Kai ba ka taɓa yin aiki wata uku wani ya kwashe a wuni ɗaya ba."

Na ce, "Yau mabuɗin na hannunka. Ranar da ya koma hannun kamfani fa?"

"Yau ɗin ma ba ya hannuna, yana Maraɗi," ya ce, ya juya yana kallon taga.

Wata Hajiya da ke kujerar gabanmu, wadda ta ce mijinta na sayar da katako a kasuwar Katako, ta gaji da mu. Ta waiwayo ta ce a yi mata bayani da Hausa. Na yi mata. Ta ce wa Ɗanliti, "Ɗana, in na sayi gida aka ce akwai ɗaki ɗaya da ba zan riƙe mabuɗinsa ba, ai haya nake, ban saya ba." Na gyara zama ina murmushi. Sai ta juyo kaina. "Kai kuma mai baki, da gani ba a taɓa fasa maka shago ba." Daga nan ta buɗe kwanon dambun nama ta ba mu, ta ce mu cika bakinmu da shi ko ta samu ta yi barci kafin dajin Falgore.

A Kano muka sauya mota. Ɗanliti yana da wata ɗabi'a, duk tashar da ya sauka sai ya je teburin masu kaset ya yi sintiri kamar an naɗa shi. Ina can ina saya mana gurasa da tsire, na jiyo muryarsa. Ya sami wani aikinsa na bara an kwafa, yana ta faɗa da mai teburin, shi kuwa mutumin cewa yake, "Malam, in naka ne ai sai ka yi murna, yana tafiya sosai." Da ƙyar na janye shi, har kwandasta ya fara neman wanda zai sayar wa kujerunmu. A Katsina ma haka ya yi, sai dai can bai sami nasa ba, na ga kamar hakan ma bai yi masa daɗi ba.

Muka kwana a Katsina gidan wani ɗan'uwan matata. Suka yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, suka shimfiɗa mana a shagon ƙofar gida. Mai gidan ya ga suwaitar Ɗanliti ya tambaye ni a gefe ko abokin nawa zazzaɓi yake yi.

Washegari muka kama hanyar Jibiya. A iyaka kowa ya sauko da kayansa, aka duba takardunmu da katin allura. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo siriri ya duba dankalin, ya tambaya ko na sayarwa ne, muka ce tsaraba ce. Sai idonsa ya kai kan abin da Ɗanliti ya ƙanƙame.

"Wagga ordinatar taka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"To kunna mu gani."

Ya kunna. Baƙin allon nan ya fito yana neman lambarsa. Jandarma ya karanta, ya dubi Ɗanliti, ya ce, "Buɗe mana." Ɗanliti ya fara kame-kame, ya ce ai akwai wani aisi, ai bod ne, ai a Jos ne. Ni na shiga da nawa bayanin na ƙara dagula lissafi. Jandarma ya ce shi a saninsa mai abu yana buɗe abinsa, wanda ya kasa buɗewa kuwa akwai sunan da ake kiransa. Nan na ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran mutane ɓarayi ya tsaya cikin rana, gumi na bin wuyan suwaita, ana yi masa kallon ɓarawon laftof ɗinsa. Ba zan ɓoye ba, dariya ta kusa ƙwace mini.

Da ya ga babu mafita sai ya bar maganar aisi ya faɗi gaskiya. Ya ce muryar mahaifinsa ce a ciki, ya rasu, mahaifiyarsa na jira. Jandarma ya rufe laftof ɗin da kansa ya miƙa masa. Ya ce, "Allah shi jiƙan tsoho. Ku tahi." Ɗanliti ya kwance bakin buhu zai ɗiba masa dankali, ya ɗaga hannu ya ce a kai wa wanda aka yi niyya. Ya ƙara da cewa, "Amma hidda rigag ga, kar ka hwaɗi muna nan."

Mun shiga Maraɗi rana ta take. Abin da muke cewa acaba su kabu-kabu suke cewa, kuma da muka ambaci Alhaji Mamman mai kayan rediyo ba a tambaye mu unguwa ba. Muka same shi a zaurensa. Ɗanliti ko zama bai yi ba ya fara, "Alhaji, wani buhu ne..." Alhaji ya ce, "Ku zamna tukuna, mutanen Jos. Baƙo ba ya magana da ƙishirwa." Aka kawo ruwan randa, aka kawo fura mai kauri da nonon da ban taɓa shan irinsa ba. Aka gaisa, aka tambayi Pam, aka tambayi sanyin Jos, aka tambayi hanya. Ɗanliti ya sake ɗauko zancen, Alhaji ya ce yanzu ai kowa ya rufe, ba a buɗe wajen aiki sai rana ta yi sanyi. Mu a Jos tsakar rana ita ce kasuwa, su kuwa a lokacin gari ke kwanciya, har awaki sun san ƙa'idar.

Sai aka ɗora shayi a ɗan ƙaramin buta kan gawayi. Mu mun saba da kofi guda babba da madara da burodi, ka sha ka tashi. Nasu ɗan mitsitsin kofi ne, ɗaci kamar magani, kuma in ka shanye na farko ba ka gama ba, akwai na biyu da na uku, kowanne sai an sake dafawa. Tashi kafin na ƙarshe rashin kunya ne. Ina kallon ƙafar Ɗanliti tana rawa a kan tabarma. Aka kawo mana dogon burodinsu mai ɓawo, ya gatsa da haushi ya fasa dasashi.

Bayan la'asar Alhaji ya kai mu wajen aikinsa, wani fili da rumfar kwano a bayan kasuwa. Mai kula da wurin sunansa Isuhu. Ya nuna mana tarin bod a jingine da bango, na rediyo da na talabijin da na kwamfuta duk a haɗe. Muka durƙusa muna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ni na fara ganin ɗigon jan farcen matar Pam. Na ɗago shi. Bod ɗin ne, amma an aske shi tas, babu ko ƙwayar aisi a jiki.

Ashe yadda suke aiki ke nan. Ba gyara bod suke yi ba. Ɗora shi suke yi a kan farantin ƙarfe bisa wuta har dalma ta narke, a buga shi a tire, komai ya zube. Sai a tsince a rarraba a gwangwanayen madara, a sayar wa masu gyaran rediyo da waya. Na kwatanta wa Isuhu aisin, na nuna masa gurbinsa. Ya kalla ya girgiza kai.

"Wanga ba ya da lamba da munka sani. Abin da munka sani muna ajewa, wanda ba mu san amhwaninshi ba mu zubas. Shina can rami, in ba a ƙone ba."

An ƙone. Ramin sharar na bayan rumfa, toka ce da gutsattsarin waya da kashin awaki. Ɗanliti ya sauka ciki ya fara tonawa da hannu. Na sauka na taya shi, Isuhu ma ya kawo rariya. Muka yi ta tankaɗe toka har aka kira magariba, ni kuwa na san ko mun same shi wuta ta riga ta gama da shi. Duk tsawon hanyar nan ina tanadin maganar da zan gaya masa ranar da gaskiyata ta fito. Da ta fito sai na ji ba na sonta. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san ba waƙa yake tonowa ba, fuskar Inna yake gani.

Alhaji Mamman ya ji labarin duka a wajen cin abinci, ya yi ta salati, ya ce da ya sani da ko shayin bai tsayar da mu ba. Isuhu ya ce ba shayi ba ne, tun ranar da buhun ya iso aka gasa shi. Aka shimfiɗa mana a tsakar fili kamar yadda kowa ke kwana a can, babu rufi babu bargo. Da asuba na ga Ɗanliti ya yi matashi da suwaitar, ita ce ranar farko da ta yi masa amfani.

Da safe muka yi sallama muka tafi tasha. Motar Jibiya ba ta cika ba, muka zauna a benci. Ga teburin mai kaset can gefe da sifikarsa a rataye, amma a karon farko tun da na san shi Ɗanliti ko kallon wajen bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana shirya yadda zai gaya wa Inna. Ya tambaye ni ko ya ce ɓarayi ne suka sace laftof ɗin. Na ce wannan ƙaryar ba za ta yi masa kyau ba, ga ta a hannunsa.

Mai kaset ya cire wata waƙar Zabarmawa ya sa wani kaset. Aka fara jin shuuu, da ƙarar janareta, da hon ɗin acaba. Na ce a raina wannan wane irin ɗauka ne. Sai gurmi ya shigo. Sai wata dariya da na sani kamar tawa, dariyar Pam. Kafin in juya Ɗanliti ya miƙe tsaye, laftof ta zame daga cinyarsa na cafe. Muryar Baba Tanko ce ta cika tashar Maraɗi, tana kiran leburori su fito rana ta yi.

Muka isa teburin. A jikin kaset an rubuta Tsohon Jos da biro. Mai kaset ya ce wani direban dankali ne ya kawo masa watannin baya, kuma yana fita, don akwai tsofaffi da yawa a nan da suka yi leburancin kuza a ƙuruciya. Wani dattijo da ke zaune kan buhun gero ya ce shi ma ya yi, ya san waƙar nan tun kafin a haife mu, ya ɗaga sanda yana bin amshi. Ɗanliti ya tsaya baki buɗe. Na jira in ji faɗan da ya yi a Kano, bai zo ba. Ya ce a ba shi ɗaya. Mai kaset ya sa masa a leda, ya riƙe ledar bai saki ba, ya ce, "Amma don Allah kar ka kwahe shi. Ku mutanen Najeriya kun iya ɓata ma mutum kasuwa."

Na juya baya don kar a ga fuskata. Ɗanliti ya ce a hankali, "Mahaifina ne." Mutumin ya dube shi, ya dubi ni, na gyaɗa kai. Ya karɓe ledar, ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin tebur ya ɗauko ainihin kaset ɗin Sale, wanda yake bugawa daga jikinsa, ya haɗa masa, ya ƙi karɓar ko sisi.

Kada wani ya ɗauka musunmu ya ƙare a nan. Muna wuce Jibiya Ɗanliti ya dawo hayyacinsa. Ya ce sata dai sata ce, an yi wata da watanni ana cin kasuwa da muryar ubansa, matar da ta yi masa jinya ko sabulu ba ta gani ba. Na ce wannan gaskiya ne, kuma har yanzu ina cewa gaskiya ne. Na ce amma kwaɗon da ya sa bai hana Sale ba, shi Ɗanlitin ya hana. Ya ce laifin ashana ne, ba na aisi ba. Na ce in aka gina abin a cikin ƙwaƙwalwar na'ura aka riƙe mabuɗin a wata ƙasa, ko takardar ƙonawa ba za a ba shi ba. Haka muka yi ta yi har Saminaka, inda sanyin gida ya fara shigowa ta taga, ya ɗauko suwaitarsa mai warin toka ya sa yana harara ta.

Ranar da Inna ta fita takaba, bayan mata sun watse, ta aiko a kira ni, ta ce tunda tare muka yi yawon tare za mu ji. Pam ma ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ɗanliti ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta ce, "To, kunna abin da Allah ya bari."

Muka zauna a ɗakinta, rakoda a kan tabarma. Ta ji waƙar leburori, ta ji ta mai awon kuza da ke danne sikeli da yatsa, har ta yi dariya ta ce ta san mutumin. Janareta na ta ruri a bayan waƙar, bai dame ta ba. Can wajen ƙarshe gurmi ya tsaya, aka ji tsohon ya yi gyaran murya, ya ce, "Wannan kuma ta Asabe ce. Ban taɓa yi mata ba, kar ta ji ta ce na tsufa da rashin kunya." Ya kaɗa gurmi, ya ja baiti ɗaya, yana cewa yarinyar da ta kawo fura bakin rami. Sai wata murya ta fasa sifika: "Kai Sale! Kashe rakodar nan! Ɓarawon banza!" Aka ji ƙaf. Sauran kaset ɗin shuuu ne kawai.

 Ni na san sauran waƙar na nan cikin faifan laftof ɗin da ke jingine a bangon ɗakin, kuma babu mai sake jinta. Ɗanliti ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa.

Inna ta goge ido da bakin mayafi, ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta tura masa rakodar da ƙafa.

"Ɗanliti, mayar mini da shi baya kaɗan. Ba wajen ihunka ba. Inda ya kira sunana."